Matar da Ba Ta da Bola

Gidanmu na unguwar Maamobi a Ghana ɗakuna goma sha ɗaya ne, sun kewaye tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Kowane ɗaki da iyalinsa, kowane iyali da yarensa. Akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, akwai Dagomba, har da wani tsohon ɗan sanda Bamoshe da ba ya hira da kowa sai rediyonsa. Da an fito tsakar gida kuwa Hausa ce ke haɗa mu, irin tamu ta Zango, wadda ta kwaso yaren Twi ta kwaso na Ga ta cakuɗa. A bayan gidan, taku kaɗan, akwai babbar kwatar nan da ta ratsa tsakaninmu da unguwar Nima. Duk abin da unguwa ba ta so, can yake ƙarewa.

Kakata ta wajen uwa, Kaka Asabe, waakye take sayarwa a bakin titi, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Aikin gobe tun yau ake fara shi. Da an idar da sallar magariba sai ta hura gawayi a kurfoti a ƙofar ɗakinta, ta ɗora kaskon shito, yajin nan baƙi da ake soyawa da busasshen kifi. Shito ba ya son gaggawa. Sai an yi ta juyawa, an yi ta juyawa, in ka ɗauke ido ya ƙone. Hannunta yana aiki, bakinta ba shi da abin yi, mu kuma 'ya'yan gidan mun san haka. Mukan zauna kewaye da wutar, kowa da faifan wake a cinya yana tsincewa, domin Kaka ba ta ba da tatsuniya ga mai zaman banza.

Tana yarinya aka zo da ita daga ƙasar Sakkwato, mahaifinta bafatake ne mai sayen goro, saboda haka Hausarta ba irin tamu ba ce. Tata tana da nauyi, kowace kalma a zaune. In za ta fara takan buga ludayi a bakin kasko ta ce, "Ga wata nan tafe, wa zai ba ta wuri?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta zauna kusa da ni!" Daga nan sai labarin kura da zomo, ko na 'yar sarkin da ta auri maciji, ko na mutumin da ya sayar da inuwarsa a kasuwa.

Wata rana, ina da shekara tara ko kusa da haka, aka ba ni wankin tukunyar waakye. Akwai sauran shinkafa a gindinta, kamar ludayi biyu, ga ƙanzo ya kama. Ƙawayena suna jirana a waje za mu yi wasan tsalle, ni kuma na ga kankarewa zai ɗauke ni lokaci. Sai na kinkimi tukunyar na zaga baya, na zuba ruwa, na juye komai a kwata. Ina ɗagowa na ga Kaka tsaye a bakin lungu, ta dawo daga injin niƙa da ƙwarya a ka. Ta dube ni, ta dubi farar shinkafar da ke bin baƙin ruwa. Sai ta wuce.

Har magariba ina jiran bulala. Ba ta zo ba. Muka zauna kamar kullum, ta buga ludayi, muka amsa. Sai ta ce, "Yau ba kura ba zomo. Yau labarin matar da ba ta da bola ne."

Wata yarinya daga ɗakin Dagomba ta ce, "Matar nan, a ina yake?"

"A ina take," in ji Kaka. "Mace ce. Ku dai Allah ya shirye ku da wannan Hausa taku. A Tema take, kuma da idona na gan ta."

Nan muka gyara zama, domin ba ta taɓa cewa ta ga kura da idonta ba.

Ta ce bayan rasuwar kakanmu, kafin ta fara sana'ar waakye, wani ɗan unguwa direba ya samo mata aikin girki a Tema, a gidan wani mutumin Japan da ke gyaran injinan jiragen kamun kifi. Maigidan ba ya zama, kullum yana tashar jirgi. Matarsa ce a gida, 'yar ƙarama, fara, mai tafiya kamar ba ta son ƙasa ta ji nauyinta. Madam Haru ake ce mata. In za ta gaishe ka sai ta rusuna, kai ma ka rusuna, ita kuma ta ƙara rusunawa. "Ranar farko," in ji Kaka, "na ce in ban tsaya ba, sai mun kai ƙasa mu biyu."

Ba mai jin yaren wani. Turancin Madam kaɗan ne, na Kaka ya fi nata ƙanƙanta. Da hannu suke magana. Amma tun ranar farko matar ta lura Kaka tana salla, sai ta tura direba ya sayo sabuwar tukunya da sabon cokali, ta nuna mata cewa waɗannan nata ne, naman alade da giya ba za su taɓa su ba.

A ranar ce kuma Kaka ta wanke shinkafa, ta buɗe ƙofar baya ta watsar da ruwan, yadda kowace mace take yi. Sai ta ji ihu a bayanta. Madam ta rugo da gudu, hannu biyu a kunci, tana cewa, "Mottainai! Mottainai!"

Kaka ta kwaikwayi muryar, siririya, muka fashe da dariya.

"Na ɗauka na watsa wa kyanwarta ne," ta ce. "Na duba, ba kyanwa. Na ce to zagi ne. Ni dai 'mutane' na ji a ciki, na ce waɗanne mutane kuma? Sai da direba ya zo, shi ya daɗe da su, ya ce min ba zagi ba ne. Wai cewa take kin zubar da abin da bai gama aikinsa ba."

Washegari Madam ta kama hannunta ta nuna mata aikin ruwan shinkafa. Na farko a zuba wa tumatir da ganyen da ta shuka a bayan gida. Na biyu a dafa kayan lambu da shi, yana kashe musu ɗaci. Abin da ya rage a wanke kwanuka, yana cire maiƙo ba sai da sabulu ba.

Kifi kuwa, a nan Kaka takan ajiye ludayi ta ƙirga da yatsu. Tsoka a ci. Kai a yi romo. Ƙaya a shanya, a soya ta yi ƙaras-ƙaras, a ci kamar gyaɗa. Fata a gasa. Kayan ciki a haƙa rami a gindin tumatir a binne, bayan wata biyu ka ga tumatir kamar dunƙulen hannu. Ba ta sayen kifi a shagon Turawa. Wata mata 'yar ƙabilar Ga ce ke kawo mata daga bakin teku, kuma ba ta taɓa cewa sai iri kaza ba. Abin da teku ya bayar a wannan lokacin shi za ta karɓa, ko da ƙananan kifin da masu kuɗi ke rainawa ne.

Na ce, "Kaka, da gaske ne suna cin kifi ɗanye?" Domin na taɓa ji a makaranta.

"Suna ci. Ta yanka shi siriri kamar takarda ta miƙo min. Na ce Madam, ni da ke amana, amma ban da wannan."

Abincinsu a ƙananan kwanuka ake zubawa, ɗan wannan, ɗan wancan, daidai abin da ciki zai ɗauka. Kafin ta ci sai ta haɗa tafin hannu ta sunkuyar da kai ta faɗi wata kalma. Kaka ta tambayi direba ko addu'arsu ce. Ya ce godiya ce, ga manomi, ga masunci, ga wadda ta dafa, har ga kifin kansa. "Sai in yi bismillata, ta yi tata," in ji Kaka. "In ta gama ka duba kwanon, ko ƙwaya ɗaya ba za ka gani ba." Da ta faɗi haka ba ta dube ni ba. Ni ce na sunkuyar da kai cikin faifan wake.

Wani abin kuma, in maƙwabta suka aiko mata da abinci, ba ta mayar da kwano wayam. Ko lemo biyu ne sai ta saka. In ita ta aika, su ma suka koyi yin haka. Kwanuka suna ta yawo tsakanin gidajen, har ba a san wa ya fara ba.

Wanda abin ya fi damu shi ne mai kwasar bola. Duk mako yakan zo da amalankensa, ya buɗe garwar gidan ya tarar da ita fes. Mako na huɗu ya kira Kaka gefe, ransa a ɓace, ya ce ta faɗa masa gaskiya, wa suke ba bolarsu? In wani ne ya ƙwace masa gidan, gara ya sani.

Muka yi ta dariya har tsohon ɗan sandan ya rage muryar rediyonsa. Amma ni wata tambaya ce ke cina. Na ce, "To ba masu kuɗi ba ne? Me ya sa take yi kamar matalauciya?"

Kaka ta juya shito ta daɗe. Ta ce ita ma ta yi wannan tambayar, kuma sai da ta shekara a gidan ta samu amsa. Wata rana suna gyaran ganyen dankali, Madam ta ɗaga jijiyar ganyen ta nuna, ta sa hannu daidai ƙugunta, wato lokacin da take ƙarama. Ta yi ƙarar jirgin sama da baki, ta nuna wuta, wato lokacin yaƙi. Ta shafa ciki. Ta nuna jijiyar dankalin ta kai baki, ta ƙirga watanni da yatsu har yatsun suka ƙare. Sannan ta yi kamar tana goya jariri, ta sauke shi, ta kwantar a ƙasa, ta rufe da tafin hannu. Ƙaninta ne.

Kaka ta ce, "Muka gama gyaran ganyen, har jijiyar muka dafa."

Daga nan ta ba mu labarin tukunyar. A kusurwar kicin ɗin Madam akwai wata tukunya cike da dussar shinkafa da aka kwaɓa da gishiri da ruwa. Safe da yamma sai ta zura hannu ta juya ta har ƙasa. In yalo ya fara yaushi, ko kokwamba, ko bayan ganyen kabeji da kowa ke yarwa, sai ta binne a cikin dussar. Washegari ta tono, ya yi tsami mai daɗi, ga ƙaras a baki, kuma ba ya lalacewa da wuri. Ta ce asalin dussar daga tukunyar mahaifiyarta ta ɗebo, ta tsallako teku da ita. Da aikin maigidan ya ƙare za su koma, ta ɗebi cikin hannu biyu ta ƙulle a tsumma ta ba Kaka. Ta nuna mata: a ƙara sabuwar dussa, a ƙara gishiri, a juya kullum, in an yi kwana biyu ba a taɓa ta ba za ta mutu.

Kaka ta buga ludayi alamar an gama. Ni kuwa na ce, "Wannan dai ƙirƙira kika yi saboda ni."

Ta dube ni, ta ce, "Rabi, shiga ɗaki, bayan akwati. Ɗauko abin da kika gani, da hannu biyu."

Tukunyar ƙasa ce mai murfin katako. Na sha ganinta, na kuma san warinta, amma duk mun ɗauka maganin ciwon gwiwarta ne. Ta buɗe a gaban wuta, ta zura hannu har wuyan hannu, ta zaro yalo guda, ta ɗauraye, ta yanka mana ƙanana. Wasu suka tofar. Ni na tauna a hankali. Tsami, gishiri, ɗan zafin citta da barkonon da Kaka ta ƙara da kanta, da wani ɗanɗano da ban san sunansa ba. Na ce a raina, wannan abin daga bayan teku ya zo, kuma shekara da shekaru yana kwana ɗaki ɗaya da ni.

Tun daga ranar na zama mai naci. Yaya garinsu yake? Suna da kwata? Wa ya fara gane cewa dussa tana yin haka? Yawanci amsar Kaka ita ce, "Ban tambaya ba." Amma ta bar ni ina juya tukunyar da yamma, bayan na wanke hannu sau biyu.

Bayan shekara biyu ko uku yunwar nan ta zo, wadda duk wanda ya rayu a Ghana a farkon shekarun tamanin ba ya mantawa. Ruwa ya ƙi sauka, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun dawo da jakunkuna a ka. Ɗakinmu kaɗai ya ƙaru da mutum uku. Shinkafa ta ɓace daga kasuwa, Kaka ta kife tukunyar waakye. Mutane suna layi tun asuba a ƙofar masu dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake dafawa a ganye, suna sayen ƙullun ɗanye don kada ya ƙare kafin ya dahu. Ƙasusuwan wuya suka fito wa manya da yara.

Kaka ta fara fita da la'asar da buhu, ta nufi kasuwar Nima lokacin da ake tashi. Ta tsinci bayan ganyen kabeji, da yalon da ya fashe, da kan albasa. Ta bi wajen mata masu kifi ta karɓi kawuna da ƙayoyi. Ta dawo ta zauna ta ware: wannan na romo, wannan na tukunyar dussa, wannan na binnewa a gindin alayyafon da ta shuka a tsofaffin garewani a bayan ɗaki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, abin ya yi mata ciwo. Wata rana da yamma ta kasa haƙuri.

"Inna, don Allah ki daina. Jiya matar Alhaji mai shanu ta gan ki kina tsintar ganye a ƙasa. Ta tare ni a famfo tana tambaya wai ko mun fara kiwon awaki ne."

"Me kika ce mata?"

"Me zan ce? Kunya ta hana ni magana."

"Da kin ce mata e, guda bakwai, har da ke."

Mma ba ta yi dariya ba, ta shige ɗaki. Amma da aka sauke romon kan kifin, da ganye da yankakken yalo mai tsami, ta sha kwano guda ta ƙara.

A ɗakin da ke kallon namu akwai Mma Fati, Bakotokoliya, mai jaririya 'yar wata huɗu. Mijinta direban trotro ne, wato motar haya, motar kuwa tana kan duwatsu saboda babu taya a gari. Kullum da yamma takan hura wuta ta ɗora tukunya kamar kowa. Kaka ce ta fara lura. Ta ce min a hankali, "Kwana uku ke nan tukunyar can tana tafasa, hancina bai ji komai ba. Ruwa ne zalla." Jaririyar kuma kukanta ya canza, ya zama siriri, domin nono ya ƙafe.

Kaka ta cika kwano da romo ta miƙo min. "Kai mata. Ki ce na ce ba kyauta ba ce. Al'adata ce ba a mayar min da kwano wayam. Ko gawayi ɗaya ne ta saka."

Na kai. Mma Fati ta tsaya tana kallon kwanon, ta ce, "Ka ce ma Kaka mun ci abinci." Na maimaita saƙon yadda aka ba ni. Sai ta karɓa. Can anjima kwanon ya dawo da gawayi uku a ciki.

Washegari aka sake, kwanon ya dawo da ɗan gishiri. Matar Bazabarme ta gani, ta aiko da kuɓewa busasshiya cikin hannu, aka mayar mata da romo. Kafin mako biyu kwanuka sun yi yawa, sai Kaka ta tara matan gidan ta ce, "Wuta goma sha ɗaya muke hurawa, kowace da rabin tukunya. Gawayin nan ma kuɗi ne. Mu hura ɗaya." An yi gardama. Wata ta ce mijinta ba ya cin girkin kowa sai nata, wata ta ce su ba sa cin yaji haka. Ɗakuna uku suka ƙi shiga. Sauran suka yarda, aka fito da babbar tukunyar waakye aka ɗora a tsakar gida. Kowa ya kawo abin da ya samu, ba a tambayar nawa. Tsohon ɗan sandan ma yakan ajiye ƙullin garin rogo a bakin murhu ya koma. Mma da kanta ta fara bin Kaka kasuwa, da farko tana tafiya nesa da ita, daga baya ita ke riƙe buhun. Nonon Mma Fati ya dawo kaɗan-kaɗan.

Amma akwai lokacin da kasuwar ma ta bushe. Masu tsinta sun yi yawa, ganyen da ake yarwa ya zama na sayarwa. Dussa kuwa, da a da ake ba kaji, mutane sun koma cinta, ko a injin casa ba a samu. Muka yi kwana biyu ba abin da ya shiga cikin yaran gidan sai ruwan ganye. A rana ta uku abin da aka tara duka bai wuce mudu ɗaya na garin kokonte ba, wato garin busasshen rogo, ga bakuna sun fi ashirin.

Kaka ta ce, "Rabi, ɗauko tukunyar."

Na ɗauka yalo za ta tono, ko da yake na san babu komai a ciki. Sai na ga ta juye dussar gaba ɗaya a babban kwano, ta kankare gefe da gefe da yatsa. Ta zuba ruwa, ta tace don gishirin ya ragu, ruwan ta ajiye na miya. Ta haɗa dussar da garin kokonte ta fara tuƙa tuwo.

Na riƙe mata hannu. "Kaka, ki rage kaɗan! Ko cikin cokali ne. Ta mahaifiyar Madam ce fa."

"In na rage, da me zan ciyar da ita? Ita ma ci take. Gobe ta ruɓe, ba ta yi wa kowa amfani ba." Ta zare hannunta ta ci gaba da tuƙi. "Da ta ba ni, ba ta ce in yi gadinta ba. Sake min muciya, tuwo zai yi gudaji."

Tuwon ya fito ruwan ƙasa-ƙasa, mai tsami, mai gishiri. Aka yanka shi ƙanana, yara tukuna, sannan masu shayarwa, sannan sauran. Ni ina ci ina kuka, kuma ban bar ko loma ba. Kaka ta wanke tukunyar ta kife a rana.

Bayan 'yan kwanaki aka fara raba masarar agaji a masallacin unguwa, daga baya ruwa ya sauka, gari ya fara dawowa. Da shinkafa ta samu na matsa mata ta sake haɗa dussar. Ta gwada sau ɗaya, da sabuwar dussa da gishiri. Bayan mako biyu ta ɗanɗana ta ce, "Ba ita ba ce," ta ba awakin maƙwabta. Tukunya ɗaya ta tsakar gida ma ta watse, kowa ya koma murhunsa. Sai dai kwano bai ƙara yawo wayam a gidan nan ba har na yi aure na bar shi.

Na daɗe ina ɗauka darasin labarin shi ne kada a zubar da abinci, abin da kowace uwa ke faɗa wa 'yarta. Sai da na girma na kafa tawa rumfar waakye a unguwar Madina ta nan Ghana na fara ganin sauran. A lokacin baƙar leda ta shigo, kowa ya bar ganye, kuma duk damina kwatoci suna toshewa ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Ni na tsaya a kan ganye, ko da masu saye suna min tsiya wai ni 'yar da ce. Ɓawon kayan miya da ganyen da aka ci a ciki wani mai awaki ke kwashewa, shi kuma ya ba masu lambu taki, su kuma nake sayen latas da kabeji a hannunsu. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Kowannenmu dai ya gane cewa abin da ya gama da shi, wani yana jiransa. Yanzu ina ganin abin da Kaka ta ɗauko daga Tema ya wuce tattali. Ta koyi yadda za ka ciyar da maƙwabcinka ba tare da ka sa ya sunkuyar da kai ba, ta kuma san ranar da ya kamata abin da ka fi so ya ƙare a cikin wani.

A shekarunta na ƙarshe, idonta ya yi rauni, nakan je Maamobi ranar Juma'a in yi mata kitso. Wata rana ina daka daddawa a kusa da ita, sai ta yi dariya ita kaɗai. Na tambaye ta. Ta ce ta tuna ranar da ta kai daddawa gidan Madam a ɓoye, don ta gaji da abinci marar ƙarfi. Tana buɗe ƙullin matar ta shigo kicin tana shinshina. Kaka ta tsorata, ta ɗauka za a kore ta saboda wari. Sai Madam ta karɓi ƙullin ta kai hanci, ta rufe ido, hawaye suka zubo. Ashe suna da wani abu a garinsu da ake yi da wake, mai irin wannan warin, kuma rabonta da shi tun da ta baro gida.

"Sai da na koya mata miyar kuka," in ji Kaka. "Ranar da za su tafi, curi goma na daddawa na ƙulle mata, ta tura cikin akwati tsakanin kayan sawarta."

Na ajiye taɓarya. "Kaka, shekara nawa kina ba mu labarin nan, ba ki taɓa faɗin wannan ba!"

"Ba ku tambaya ba. Kullum abin da ta ba ni kuke tambaya."

Har yau nakan yi tunanin wannan akwatin. Ban san cikakken sunan matar ba, ban san garinsu ba, ban san ko ta yi tsawon rai ba. Amma ina so in san ko a can, a wani gida da ban taɓa gani ba, akwai wasu jikoki da aka tara da yamma aka ba su labarin wata doguwar mata mai salla sau biyar, wadda ta ƙi cin ɗanyen kifi, da yadda suke faɗin Asabe da bakinsu.